Jim Europe, shugaban badujala

Duk yaron Attantane da ya taɓa zuwa Tasawa ranar salla ya ji kakaki da algaita a ƙofar fada. Sojoji ma suna da nasu makaɗa, su ake kira ƴan badujala. Ranar 3 ga Agusta ko 18 ga Disamba, in ana fareti a Maraɗi ko a Yamai, su ne a gaba da ganguna da begila da manyan ƙahoni masu ƙyalli. Kiɗan da suke yi don ƙafafun sojoji su riƙa sauka tare, hagu, dama, hagu, dama, shi ne kiɗan maci. A gabansu akwai mutum ɗaya wanda ba ya busa, ba ya kiɗa, ƴar sanda kawai ke hannunsa, amma kowa shi yake kallo. Shi ne shugaban badujala.

Wannan labarin wani shugaban badujala ne, baƙin mutum, ɗan ƙasar Amurka, wanda ya rasu tun 1919. Sunansa James Reese Europe, amma Jim ake ce masa.

Ƙuruciyarsa

An haifi Jim wajen shekara ta 1880 a garin Mobile, cikin jihar Alabama, a kudancin Amurka. Baƙaƙen mutanen ƙasar jikokin ƴan Afirka ne waɗanda aka kwasa cikin jiragen bayi. Mahaifinsa Henry cikin bauta aka haife shi, domin ba a hana bauta a Amurka ba sai 1865. Mahaifiyarsa Lorraine kuwa ɗiya ce, ba a taɓa mallakarta ba. Ita ta fara koya wa ƴaƴanta kiɗan piyano. Sunan gidansu Europe, wato Turai ke nan da Ingilishi, kuma a Turai ɗin ne Allah ya nufa Jim zai yi babban suna.

Yana da shekara kamar goma iyayensa suka ƙaura zuwa Washinton, babban birnin ƙasar, inda mahaifinsa ya samu aiki a gidan waya. A unguwar da suka sauka akwai gidan John Philip Sousa, shugaban badujalar sojan ruwa ta gwamnati, wanda duniya ta sani da sarkin kiɗan maci. Jim ya tashi yana jin wannan badujala tana wucewa a titi. Mataimakin shugabanta ma shi ya koya masa gogen Turawa.

A nan ya koyi karanta kiɗa. Turawa suna da hanyar rubuta kiɗa a takarda, da ɗige-ɗige bisa layuka biyar. Wanda ya iya karatun yana iya busa abin da bai taɓa ji da kunnensa ba. Da Jim ya kai shekara goma sha huɗu aka yi gasar tsara kiɗa ta yara, ya shiga, ya zo na biyu. Wadda ta zo ta ɗaya ba kowa ba ce sai ƙanwarsa Mary.

Ƙungiyar makaɗa

Wajen 1903 Jim ya tafi New York neman abinci. Da fari ya sha wuya, don ba mai ɗaukar baƙin mutum ya yi goge a manyan wurare. Sai ya koma piyano, daga baya ya zama mai jagorantar makaɗa a wasannin dandali na baƙaƙe.

Halin da ya iske makaɗa ƴan uwansa a ciki bai yi masa daɗi ba. Attajirai farare suna son kiɗansu ƙwarai, amma ba su ganin girman masu yinsa. Akan ɗauki mutum aikin wankin kwano ko rabon abinci a otel, in dare ya yi a ce ya zo ya yi kiɗa, a sallame shi da abin da aka ga dama. Ba su da wurin da za a neme su, sai dai mai biki ya aika a dubo su a mashaya. Wannan hali ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Mutum yakan yi rawa har gari ya waye, in an gama kuma ya raina makaɗin, ya ce ai maroƙi ne.

A 1910 Jim ya tara makaɗa baƙaƙe suka kafa ƙungiya mai suna Clef Club, suka zaɓe shi shugaba. Suka kama gida, suka sa wayar tarho. Mai son makaɗa sai ya kira nan. Ƙungiya ce take yanka kuɗin aiki, kuma makaɗi kiɗa kawai zai yi, ba wankin kwano. Su ma ƴan ƙungiya an ɗora musu nasu sharaɗi, su zo kan lokaci, cikin tufafi masu tsabta, kuma su iya abin da aka kira su dominsa. Ba a daɗe ba manyan gidajen New York suka riƙa rububinsu.

Ranar 2 ga Mayu 1912 Jim ya kai makaɗa 125 Carnegie Hall, zauren kiɗa mafi daraja a Amurka. Ba a taɓa ganin taron makaɗa baƙaƙe irin wannan a wurin ba. Akwai piyano wajen goma, da tarin kayan kiɗa masu tsirkiya, cikinsu har da banjo. Banjo dangin gurmi ne da molo, asalinsa duma ne da fata da tsirkiya, bayin Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi a can. Duk abin da aka kaɗa a daren baƙaƙe ne suka tsara shi, kuma da macin da Jim ya tsara wa ƙungiyar aka buɗe. Masu kallo farare da baƙaƙe suka zauna a gauraye, abin da ba a saba gani ba.

Wasu masana sun ce wannan ba tsarin makaɗan Turai ba ne, banjo ya yi yawa. Jim bai damu ba. Ra'ayinsa shi ne baƙin mutum zai fi cin nasara in ya inganta kiɗansa na gado, maimakon ya ƙare rayuwarsa yana kwaikwayon na wani. A kan wannan ra'ayi ya tsaya har mutuwarsa.

Faifan farko

A 1913 ya haɗu da wasu mashahuran ƴan rawa farare, miji da mata, Vernon da Irene Castle. Da suka ji kiɗansa suka ce ba su ƙara rawa da na kowa. Duk inda aka gayyace su sai an yarda da makaɗansu baƙaƙe, in ba haka ba ba su zuwa. Tare suka yaɗa wata sabuwar rawa mai suna fokstrot, wadda ta game duniya.

A Disamba 1913 da Fabrairu 1914, lokacin da ƙasar Hausa take cikin yunwar da tsofaffi suke kira Kakalaba, kamfanin Victor ya ɗauki kiɗan Jim a faifan garmaho. Kafin wannan babu wani babban kamfani a Amurka da ya yi irin wannan yarjejeniya da ƙungiyar makaɗa baƙaƙe.

Ɗaukar murya a wancan zamani aiki ne mai wuya. Babu makirufo, babu lantarki a cikin aikin. Wani ƙaton mazurari ne na ƙarfe ake kafawa a ɗaki, makaɗa su cunkushe a bakinsa. Masu ƙaramar murya a matso da su kusa, masu ƙara a tura su baya. Sautin ya shiga mazurarin ya girgiza wata allura, allurar kuma ta riƙa zana siririn layi a jikin faifan kaki da ke juyawa. Daga wannan faifai ake yin mazubi a buga dubbai. Fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku ko huɗu. In wani ya yi kuskure ba gyara, sai a sako sabon kaki a fara daga farko.

Ya shiga soja

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a Turai a 1914. A 1916 jihar New York ta kafa rundunar baƙaƙe, runduna ta 15. Jim ya riga ya yi suna, yana samun kuɗi, amma ya ajiye ya shiga a matsayin ƙaramin soja. Ya ci jarrabawa ya zama laftanan, aka ba shi sojojin bindiga mai jigida. Ba kiɗa ya kai shi ba.

Amma shugaban rundunar, Kanar William Hayward, ya san wanda yake da shi. Ya roƙe shi ya kafa badujala wadda babu irinta a sojan Amurka. Doka ta ce badujala mutum 28 ce. Jim ya ce wannan bai isa ba, sai 44 ko fiye, kuma sai an biya gwanaye albashi mai kyau. Wani attajiri, Daniel Reid, ya ba da dala 10,000. Da Jim ya rasa isassun masu busa sarewar Turawa, sai ya hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Puerto Rico a 1917, ya dawo da samari fiye da goma waɗanda suka iya karatun kiɗa. Ɗaya daga cikinsu, Rafael Hernández, daga baya ya zama babban mai tsara waƙa na ƙasarsu.

Amurka ta shiga yaƙi a Afrilu 1917. A Oktoba aka tura rundunar horo a Spartanburg, a kudu, inda farare suke tsananin ƙin ganin baƙin mutum cikin kakin soja. Wata rana da dare Noble Sissle, mawaƙin badujalar kuma aminin Jim, ya shiga wani otel sayen jarida. Mai otel ɗin ya kaɓe masa hula, ya bi shi da shuri. Sojoji farare ƴan New York da ke wurin suka fusata, suka tasam ma mutumin. Da an taɓa shi, da jini ya kwarara a garin, kuma baƙaƙen sojoji za a ɗora wa laifi. Sai ga Jim ya shigo, dogo, kakkaura, da alamar hafsa a kafaɗa. Ya daka tsawa irin ta fareti, kowa ya ƙame. Ya sa suka fita ɗaya bayan ɗaya. Mai otel ya zage shi shi ma, bai tanka ba. Bayan ƴan kwanaki aka kwashe rundunar daga garin.

A Faransa

Ranar 1 ga Janairu 1918 suka sauka a Brest, a gaɓar Faransa. Badujala ta busa taken ƙasar Faransa don gaisuwa. Amma da irin nasu salon suka busa shi, har Faransawan da ke bakin tashar suka ɗan jima ba su gane ba. Da suka gane sai suka ƙame suka sara.

Manyan sojan Amurka ba su so baƙaƙe su yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da farare. Saboda haka aka ba su shebur da diga a Saint-Nazaire, suna sauke kaya, suna shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Badujala ce ta fara fitar da sunan rundunar. Ranar 12 ga Fabrairu 1918 ta yi wasa a gidan wasan garin Nantes, daga nan ta zaga garuruwa fiye da ashirin, har Aix-les-Bains inda sojoji suke hutu. Mutanen Faransa sun shekara uku da rabi cikin yaƙi, kusan kowane gida an yi rashi. To, ga wasu baƙi sun zo da kiɗan da ke sa ƙafa motsi ko mai ita bai so ba. Tsofaffi da yara da sojoji masu rauni suka riƙa rawa a dandalin gari. Kiɗan da aka fi roƙo a maimaita shi ne Memphis Blues, na wani baƙin Amurka mai suna W. C. Handy.

A Maris aka miƙa rundunar ga sojan Faransa, aka sake mata lamba, ta zama ta 369. Aka ba su hular kwano da bindigogin Faransa. Faransawa sun riga sun saba da baƙaƙen sojoji, domin akwai dubban ƴan Afirka ta Yamma a cikin rundunoninsu. Ana kiransu sojojin Sanagal, amma daga ƙasashe da yawa aka ɗebo su, har da ƙasar da ta zama Nijar, kuma da yawansu ba da son ransu suka tafi ba.

Jim ya ajiye sandar badujala ya koma kan bindigoginsa a ramukan yaƙi. Yana cikin hafsoshi baƙaƙe na farko na Amurka da suka shiga wuta a wannan yaƙi. Tsakanin ramukan Faransa da na Jamus akwai wani fili wanda ba na kowa ba, cike da waya mai ƙaya da ramukan harsashin igwa. Da dare akan tura ƴan sintiri su ratsa shi da rarrafe. Jim ya yi wannan sintiri. A watan Yuni iska mai guba da Jamusawa suka harbo ta same shi, aka kai shi asibiti. Da Sissle ya zo duba shi, ya iske shi zaune a gado yana tari, da takarda a gwiwa, ya tsara waƙa a kan sintirin dare.

Daga Agusta aka maida shi Paris tare da badujala, suna yi wa asibitoci da barikoki kiɗa. Wata rana a lambun Tuileries aka haɗa su da manyan badujalolin Faransa da Ingila da Italiya. Jim da kansa ya ba da labarin abin da ya biyo baya. Shugaban badujalar Garde Républicaine, wadda ta fi kowace a Faransa, ya roƙi takardar wani kiɗa nasu. Mutanensa gwanaye ne, suka busa duk abin da ke rubuce, amma bai fito kamar na su Jim ba. Sai suka zo suna jujjuya ƙahonin Amurkawan, suna tsammani wata dabara aka ɓoye a ciki. Ƙahoni kuwa iri ɗaya ne.

Bambancin yana wurin masu busar. Kiɗan maci na Turawa kamar mace ɗaya ce take daka, taɓarya tana sauka daidai, tim, tim, tim. Na su Jim kuwa kamar lugude ne. Dakan bai tsaya ba, amma tsakanin saukar taɓarya da saukar taɓarya akwai tafi, akwai wata taɓaryar da ke shigowa inda ba a zata ba. Ban da haka suna jan sauti su lanƙwasa shi, suna toshe bakin ƙaho su sa shi gunaguni ko dariya kamar mutum. Irin wannan ba ya shiga ɗige-ɗigen takarda, da kunne ake ɗaukarsa, kamar yadda ɗan makaɗi yake koyon kalangu a bayan ubansa.

Rundunar ta yi kwana 191 a bakin daga. Ta yi asarar mutane da yawa, musamman a watan Satumba 1918 wajen ƙwato ƙauyen Séchault. Gwamnatin Faransa ta ba rundunar duka lambar girma ta Croix de Guerre. Da sunan Harlem Hellfighters aka san su har yau, wato mayaƙan wuta na unguwar Harlem.

Komawa gida

Ranar 17 ga Fabrairu 1919 suka yi fareti a babban titin New York, Jim da badujala a gaba. Lokacin tafiyarsu ba a yarda sun shiga faretin ban kwana tare da farare ba. Yanzu kuwa dubban ɗaruruwan mutane ne suka cika titi. A tsakiyar birni suka tafi a tsare da macin Faransa, ba mai waiwaye. Da suka shiga Harlem, unguwarsu, Jim ya juya kiɗa, iyaye mata da matan aure suka kutsa cikin layi suna rungumar nasu.

A watan Maris da farkon Mayu kamfanin Pathé ya ɗauki kiɗansu, guda 24. A tsakani suna zaga biranen Amurka suna wasa, ko'ina zaure cike. Jim yana da babban buri, ya kafa ƙungiyar makaɗa baƙaƙe ta ƙasa baki ɗaya, ya zaga duniya da ita.

Ranar 9 ga Mayu 1919 suna wasa a birnin Boston. Cikin makaɗan ganga akwai wani saurayi, Herbert Wright, wanda ya tashi a gidan marayu. Ya ɗan jima yana abubuwan da ba a gane kansu ba, yana barin dandali ana tsakiyar wasa. Da aka tafi hutun rabin lokaci Jim ya kira shi ɗaki ya yi masa faɗa. Yaron ya zaro ƴar wuƙar aljihu ya soke shi a wuya. Raunin ƙarami ne a ido. Jim ya ce a ci gaba da wasa, ya bar wa Sissle saƙon aikin gobe, aka tafi da shi asibiti. Ashe wuƙar ta taɓa babbar jijiya. A daren ya cika, bai kai shekara arba'in ba. Kotu ta ɗaure Wright.

Birnin New York ya yi masa jana'izar jama'a, karo na farko ke nan da aka yi wa baƙin mutum haka a birnin. Badujalarsa ta bi gawar a titunan Harlem. Aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington, kusa da Washinton inda ya girma.

Abin da faifai ya riƙe

Ba a daɗe ba aka fara mantawa da shi. Sabon kiɗan da ake kira jaz ya bunƙasa, sababbin gwanaye suka fito, irin su Louis Armstrong wanda ya fara shiga faifai a 1923. A 1925 aka fara ɗaukar murya da makirufo, tsofaffin faifai suka zama kamar muryar da ke fitowa daga rijiya. Na Jim kuma suna da wata matsala. Kamfanin Pathé yana zana layinsa ta wata hanya dabam da ta sauran kamfanoni, ba kowane garmaho ke iya juya faifansa ba. Sai a shekarun 1990 aka tattara su aka sake fitar da su a faifan zamani. A Fabrairu 2018 garin Nantes ya yi bikin cika shekara ɗari da wasan da badujalar ta yi a can.

Yanzu duk mai wayar hannu da intanet yana iya jin su. Masana suna gardama ko a kira wannan kiɗa jaz ko a'a. Gaskiya yana tsakani ne, ƙafa ɗaya a cikin macin Sousa, ɗaya a cikin abin da ke tafe. Kuma ba dukan badujalar ba ce a ciki, don bakin mazurari ba ya ɗaukar mutum sittin.

A faifan waƙar sintirin dare, wadda aka tsara a gadon asibiti, Sissle ne yake waƙa. A bayansa makaɗan ganga suna kwaikwayon fashewar harsashin igwa da ɓarin bindiga mai jigida, kuma mutanen da suke yin wannan ƙara sun ji ta gaske da kunnensu shekara ɗaya kafin nan. A faifan Memphis Blues kuwa, da fari kowa yana tafiya tare, a tsare kamar fareti. Can wajen ƙarshe sai badujala ta riƙa yin tsit na ɗan lokaci, a bar mabushi ɗaya ya yi nasa shi kaɗai, duka su dawo, su sake yin tsit, wani ya karɓa.